Isnadin Manhaja: Nasiha ga Masu Sabunta Fuskar Linux

Malaman Hadisi na da, Allah Ya jiƙan su, ba su karɓar magana, komai daɗinta, sai sun binciki wanda ya ruwaito ta da wanda shi ma ya ji daga bakinsa. Wannan ƙa'ida ta isnadi kuwa ita ce ta dace da ɗalibanmu na Gwarzo da Kabo da suka ɗora Linux a kan kwamfutocinsu, a duk sa'ad da sha'awar sabuwar fuska ta motsa musu.

Asalin mas'alar shi ne, Debian, nau'in Linux ɗin da Ian Murdock ya assasa a 1993, takan fitar da tabbataccen bugu kusan duk shekara biyu, sa'an nan ta kulle shi, ba ta ƙara masa kome sai gyaran kurakurai da toshe kafofin ɓarna. Saboda haka wanda ya ɗora Debian 12, wadda ta fito a Yunin 2023 da fuskar Plasma 5.27, haka ya zauna da ita ko da Plasma 6 ta bayyana a Fabrairun 2024, har Debian 13 ta zo da sabuwar a Agustan 2025.

Mai gaggawa yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce rumbun Backports, wanda Debian ta mayar nata a hukumance a 2010, inda ake ɗauko manhaja daga bugun gwaji, a sake gina ta yadda za ta zauna lafiya da tabbataccen, a sa mata hatimin Debian, ba ta kuwa shiga kwamfutarka sai ka kira ta da suna. Sai dai jarrabawar manhajar ba ta kai ta tabbataccen bugu ba, kuma da wuya ka sami fuska sukutum a cikinsa, domin fuska tana tsaye ne bisa ginshiƙai irin su Qt, waɗanda ɗimbin manhajoji suka dogara da su.

Ta biyu ita ce rumbunan ɗaiɗaikun mutane, kamar PPA na Ubuntu, wanda duk mai rajista a Launchpad zai iya buɗe nasa. Akwai amintattu a cikinsu, kamar na jama'ar Kubuntu, akwai kuma majahulai. Amma lalle mai karatu ya sani, ranar da ya amince da mabuɗin wani rumbu, ya miƙa wa mai shi cikakken iko bisa na'urarsa, kuma in mai rumbun ya gaji ya watsar, to manhajar da ya bari za ta yi ta karo da na asali har sabuntawa ta gagara.

A wurinmu hasarar ta fi nauyi, domin data da kuɗi ake sayenta, ana iya ɗauke wuta a tsakiyar aiki, gyara kuwa yakan kai mutum Kano. Don haka wanda buƙatarsa manhaja guda ce ya neme ta a Backports ko a Flatpak, wata hanyar ɗora manhaja ta dabam. Wanda fuskar yake so baki ɗaya ya yi haƙuri har sabon bugu, ko ya koma Fedora, wani nau'in Linux da ke fitowa sau biyu a shekara. Kafin kome dai, ya cika caji, ya kwafe takardunsa a filash. Allah Ya sa mu dace.