Idan sankarar mama ta kai hanta: wane magani ya rage?

Wataƙila kin je Asibitin Gundumar Wuse da ke Zone 3 da ƙorafin ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko rashin cin abinci, ko idanu sun yi ruwan ɗorawa kina zaton shawara ce. Aka yi hoton ciki, likita ya ce sankarar maman nan da aka yi wa aiki shekarun baya ta ɓulla a hanta. Ko kuwa ke lafiyarki ƙalau, mahaifiyarki ce ko ƙanwarki aka yi wa wannan bayani.

Wannan ba sankarar hanta ba ce. Ta maman ce ta bi jini ta sauka a hanta, don haka da magungunan sankarar mama ake tunkararta. A wannan mataki na huɗu ba kasafai ake kawar da ita ɗungurungum ba, amma ana danne ta, a rage ciwo, kuma akwai matan da ke shafe shekaru suna harkokinsu a kan magani.

Wane magani za a ba ki? Ya danganta da irin sankarar, kuma gwajin tsoka ne ke nunawa. Nan ne iyalai da yawa ke tsallakewa saboda kuɗi, alhali shi ne ke hana a kashe dukiya kan maganin da bai dace ba. Idan sinadarin jikin mace ne ke ciyar da cutar, ana fara wa da ƙwayoyin sha irin su tamoxifen ko letrozole, wani lokaci a haɗa da palbociclib ko ribociclib, masu tsada amma masu tsawaita lokacin da cutar ke kwance. Idan gwaji ya nuna HER2, akwai allurar trastuzumab, wadda ake haɗawa da kemo. Idan babu ko ɗaya, ko kuma hantar ta fara gazawa ana buƙatar sakamako da gaggawa, sai kemo, ta ƙarin ruwa kamar paclitaxel ko ta ƙwayoyi kamar capecitabine. Kada ki yi mamaki in likita ya nemi a ɗebo tsoka daga hantar kanta, domin cutar kan sauya hali bayan ta yaɗu.

Tiyata ko ƙona ƙullutun da zafi ta hanyar allura, sai ga ƙalilan da ƙullutunsu bai fi ɗaya ko biyu ba kuma bai je wani wuri ba.

Hanta ita ke tace kusan duk abin da kika sha. Shi ya sa ake gwada ƙarfinta kafin kowane zagayen magani, a rage ko a ƙara. Shi ya sa kuma jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ’yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya za su iya yin ɓarna, hatta farasitamol kada ya wuce ƙima. Ki tabbatar an yi miki gwajin ciwon hanta nau'in B kafin kemo, don yana da yawa a ƙasar nan kuma kemo na iya tayar da shi. Batun azumi ma, ki tambayi likitanki.

Daga Wuse, galibi Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ake tura masu wannan lalura, inda akwai sashen masu cutar daji da na'urar gashi. Yana cikin asibitoci 6 da gwamnatin tarayya ta fara aiwatar da asusun tallafa wa masu cutar daji da su, tare da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Gombe, kuma sankarar mama na cikin waɗanda asusun ya ƙunsa. Ki nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya ki tambayi yadda ake rajista. Ƙungiyoyi irin su Medicaid Cancer Foundation da Project Pink Blue su ma a Abuja suke.

Maigida, kai ma da naka aikin. Ka raka ta ganin likita, ka riƙe takardun gwaji wuri guda, ka rubuta tambayoyi tun daga gida. In ciwo ya tsananta, ku nemi sashen sauƙaƙa raɗaɗi. Karɓar mofin bisa umarnin likita ba alamar an sallama ba ce. Amma in cikinta ya kumbura farat ɗaya, ko ta fara ruɗewa da yawan barci, ko ta yi aman jini, ko zazzaɓi ya kama ta tana kan kemo, kada ku jira ranar asibiti, ku tafi sashen gaggawa a daren.