Na'urar Da Ke Auna Ruwan Sama Ta Aiko Da Labari

Kowane manomi ya san asarar da ruwan farko kan jawo. A yi ruwa sau ɗaya, a zuba iri, sai ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone. Sanin yawan ruwan da ya sauka yana rage wannan asara.

A da, ma'aikaci ne ke duba ma'aunin ruwa kowace safiya, ya rubuta a littafi. Yanzu akwai ƙananan na'urori masu yin aikin da kansu. Ana kafa su a kan dogon ƙarfe. Suna auna ruwan sama da zafi da iska. Hasken rana ke ba su wuta. Abin da suka auna kuwa suna aika shi zuwa kwamfuta ta layin salula, ba a ja igiyar waya ko ɗaya ba.

Na'ura ɗaya ba ta isa. Ana iya sheƙa ruwa a Doguwa, a Kiru ko ɗigo babu. Shi ya sa ake kafa su da yawa, a haɗa labarinsu wuri guda.

Akwai wani shiri mai suna TAHMO, wanda malaman jami'a na ƙasar Holan da Amurka suka kafa. Burinsa shi ne kafa na'urori 20,000 a Afirka. Yawancin waɗanda aka kafa suna cikin makarantu. Ɗalibai suna koyon lissafi da kimiyya da ruwan garinsu. Malaman jami'a suna bincike da shi. Makaranta kuma tana gadin na'urar.

Kudancin Kano na da bukatar irin wannan. Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore, a yankin Doguwa da Tudun Wada, ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka gama a 1974. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura. Ragowar yana gangarawa Hadeja. In an san ruwan da ya sauka a Falgore, masu kula da madatsa za su san abin da ke tafe, su gargaɗi jama'a da wuri. Ambaliyar 2022 a Jigawa ta nuna muhimmancin gargaɗi.

Saboda haka duk inda aka kafa irin wannan na'ura, a hana yara jifanta, kada kuma a bari a cire batirinta. Rigakafi ya fi magani.