Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Makaɗan Bes Da Aka Manta

Duk wanda ya taɓa halartar wurin biki ko wani babban otal a Abuja inda makaɗan zamani ke wasa, ya san inda idon jama'a yake. Yana kan mawaƙi, sai kuma mai ƙaramar jita da ke tsalle a gaba. Can baya kusa da mai ganga akwai wani mutum a tsaye, rataye da jita mai dogon wuya, ba ya rawa, ba a yi masa liƙi. Wannan shi ne makaɗin bes, kuma in ya ɗauke hannunsa minti guda, nan take rawa za ta watse.

Ita dai jitar bes yawanci tsirkiya huɗu gare ta, masu kauri, muryarta kuwa ƙasa-ƙasa take, ta yadda ƙirji kan riga kunne jin ta. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da samfurinta mai aiki da lantarki wanda ya bazu a duniya, a cikin 1951. Aikinta shi ne ɗaure kiɗan ganga da karin waƙa, watau ita ce ke gaya wa ƙafar mai rawa inda za ta sauka. Matsalar ita ce, in makaɗin ya iya aikinsa, ba wanda zai lura da shi, sai ranar da ya yi kuskure.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, samarin Nijeriya sun rungumi kiɗan rok ƙwarai da gaske, har Kano ma ta sami ƙungiyarta mai suna Elcados. A Ikko kuwa aka kafa ƙungiyar BLO ta mutum uku, wadda ta fitar da faifanta na farko, Chapter One, a 1973. Harafin ƙarshe na sunan ƙungiyar na Mike Odumosu ne, makaɗin bes ɗinta. A ƙungiyar da ba ta wuce mutum uku ba, mai bes ba shi da wurin ɓuya: duk sa'ad da mai jita ya tafi yawo da tsirkiyarsa, Odumosu ne ke riƙe da waƙar kada ta faɗi. Gwanintarsa ce ta kai shi ƙungiyar Osibisa a Ingila.

Haka kuma Paul Alade, wanda ya kaɗa wa Ofege bes tun suna ɗalibai a Kwalejin St. Gregory ta Ikko, sa'ad da faifansu Try and Love ya game makarantun ƙasar nan. Akwai kuma Ken Okulolo na ƙungiyar MonoMono, wanda daga baya ya yi aiki da King Sunny Ade, sa'an nan ya zauna a Amurka. Da kamfanonin waje suka shiga sake buga waɗannan tsofaffin faya-fayai, kamar tarin Nigeria Rock Special na 2008, Turawa sun yi ta mamakin nauyin kiɗan. Amma a nan gida, mutum nawa ne za su iya kawo sunayen waɗanda suka ɗora wannan nauyi?

Ba a Nijeriya kaɗai ake wannan rashin adalci ba. James Jamerson ya yi shekaru yana kaɗa bes a waƙoƙin kamfanin Motown da suka yi kasuwa a duniya, amma kamfanin bai fara rubuta sunayen makaɗansa a bangon faifai ba sai a 1971. Ya rasu a 1983, ba a shigar da shi zauren karrama gwanayen kiɗan rok ba sai a shekarar 2000. Aston Barrett, wanda ya riƙe wa Bob Marley bes, ya kai ƙara kotu a Landan yana neman rabonsa na kuɗin waƙoƙi, aka kori ƙarar a 2006.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan al'amari. Kowa ya san marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina, Allah ya ji ƙansa, amma ƙalilan ne za su iya lissafa makaɗan kalangu da 'yan amshin da suka yi shekaru suna bin sa gari-gari. Ga shi kuwa ba a taɓa jin Shata ya yi wa taro waƙa ba tare da su ba.

To, ina mafita? Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi haƙƙi ga masu wasa, kuma makaɗi yana cikinsu. Hukumar da ke kula da dokar tana da hedkwata a Abuja. Sai dai doka ba ta iya biyan wanda ba a rubuta sunansa ba. Saboda haka ya wajaba masu ɗakunan ɗaukar waƙa su riƙa rubuta sunan duk wanda ya taɓa tsirkiya ko fata a cikin aiki, makaɗan su kuma su nemi yarjejeniya a rubuce kafin su fara. Gidajen rediyo ma, in sun sa waƙa, ambaton sunan mai bes ba zai ci musu daƙiƙa biyar ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bai kamata kuma a ce hannu ɗaya ne ke karɓar lada ba.