Abin da Ya Wajaba Direba Ya Yi Bayan Aukuwar Hatsari

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta biyo ta Dosso, ita ce ta ratsa ƙasar Arewa ta Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, sa'an nan ta miƙa zuwa Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram. Kwalta ce guda ɗaya, mai zuwa da mai komowa duk a kanta suke, kuma a kanta ne motocin safa da tankokin mai da manyan motocin albasa ke gamuwa da 'yan kabu-kabu da amalanken jakai da garken dabbobi. Daga Dogon Dutsi zuwa Dosso, inda babban asibitin jiha yake, tafiya ce ta kusan kilomita 140. Wanda hatsari ya rutsa da shi a hanyar Matankari ko a wajen Tibiri kuwa, sai an fito da shi kan kwalta tukuna. Saboda wannan nisa, abin da direba ya yi a mintocin farko shi ne sau da yawa ke raba rai da ajali.

Wajibi na farko shi ne tsayawa. Doka ta ɗauki gudu bayan hatsari laifi ne mai zaman kansa, dabam da laifin hatsarin, haka nan ƙin taimakon wanda ransa ke cikin haɗari. An san abin da ke sa direbobi gudu: tsoron kada mutanen gari su far musu, musamman idan yaro aka kaɗe. Ba tsoron banza ba ne. Amma idan direba ya ga alamar za a taɓa lafiyarsa, abin da zai yi shi ne ya zarce kai tsaye zuwa ofishin jandarma mafi kusa, ya ba da kansa, ya faɗi wurin da abin ya faru domin a aika da taimako. Wanda ya kai kansa da wanda aka kamo a shingen gaba ba ɗaya suke ba a gaban alƙali.

Tsare wurin kafin komai

Da direba ya tsaya, sai ya kashe inji, ya ja birkin hannu, ya kunna fitilun gargaɗi. Daga nan sai ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku a gaba da bayan motar, da tazarar aƙalla mita 30, ya ƙara nisa idan wurin kwana ne ko gangara. Inda babu alamar, rassan itace da aka saba jerawa suna yin aikin, sai dai a tuna a kwashe su idan an gama. Duwatsun da aka bari a kan kwalta sun sha kifar da mai babur da dare. A fitar da fasinjojin da ba su ji rauni ba, a tsayar da su can nesa da bakin hanya, a sa yaron mota ya riƙa tsayar da masu tahowa.

Idan mai ya tsiyaye, kada kowa ya kunna taba ko ashana, kuma a kori masu zuwa da jarkoki. A watan Mayu na shekarar 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka halaka. Tankar da ta faɗi ba ganima ba ce.

Bayan haka sai kira. Lambar 'yan sanda ita ce 17, ta 'yan kwana-kwana 18, amma a karkara ya fi kyau kowane direban da ya saba bin hanyar ya riƙe lambar jandarmomin yankin da ta cibiyar kiwon lafiya mafi kusa a cikin wayarsa. Mai kira ya faɗi sunan ƙauyen da ke kusa, da yawan waɗanda suka ji rauni, da ko akwai wanda ya maƙale a cikin mota.

Taimakon waɗanda suka ji rauni

A nan ne kyakkyawar niyya ke yawan yin ɓarna. Jama'a sukan ruga su ciccibi mai rauni, wani ya kama hannu, wani ƙafa, a jefa shi bayan mota. Idan ƙashin wuya ko na baya ya karye, wannan ɗauka kaɗai tana iya shanye masa jiki har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka kada a motsa mai rauni sai in wuta na barazana, ko yana kwance inda wata motar za ta taka shi. Idan ɗaukar ta zama tilas, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi tare, ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki, a shimfiɗe shi a kan katako ko ƙyauren ƙofa. Mai babur da ke sanye da hular kwano, kada a fizge masa ita.

A fara duba wanda ya yi shiru kafin wanda ke kururuwa, domin mai kururuwa yana numfashi. Wanda ya suma amma yana numfashi, a juya shi a hankali ya kwanta a gefensa, kai da jiki su juya tare, don kada jini ko amai su shaƙe shi. Inda jini ke zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, ko rawani ko ɗankwali, a ci gaba da dannewa. In ya jiƙe a ɗora wani a kansa, kada a cire na farko. Kada a zuba ƙasa ko toka ko baƙin mai a kan rauni. Ƙuna kuwa ruwa mai tsabta ake kwarara mata na kamar minti 20.

Akwai al'adar ba mai rauni ruwa ya sha, kuma tausayi ne ke kawo ta. A daina. Yana iya shaƙewa, kuma in likita na bukatar yi masa aiki, cikin da ke da ruwa ko abinci yana jawo matsala. Haka nan wanda ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce lafiyarsa lau, a kai shi a duba shi, domin jini na iya zuba a cikin ciki ko a ƙoƙon kai ba tare da alama ba sai bayan sa'o'i. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce. Kai ta wurin mai ɗori tun farko yakan ƙare da ruɓewar ƙafa.

Takarda da diyya

Kada a janye motoci kafin jandarmomi su zo su auna wurin, sai in sun toshe hanya ƙwarai, kuma ko da haka a ɗauki hotonsu da waya tukuna. A rubuta lambar ɗayar motar, da sunan kamfanin inshorarta, da sunayen shaidu biyu ko uku. Direba ya tanadi takardar tuƙinsa, da takardar mota, da shaidar inshora.

Nijar tana cikin ƙasashen da ke aiki da dokar inshora ta bai ɗaya da ake kira CIMA, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta fara aiki a 1995. Dokar ta wajabta wa kowace mota inshorar ɓarnar da za ta yi wa wasu. Ta kuma tanadi cewa mai tafiya a ƙasa ko fasinjan da ya ji rauni yana da haƙƙin diyya ko da shi ma ya yi sakaci, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Mutane da yawa a karkara ba su san wannan ba. Shi ya sa ake yawan yin sulhu a bakin hanya, direba ya ba da 'yan jikkuna, dangi su ce sun yafe, ƙaddara ce. Yafiya abu ne mai kyau, amma idan bayan wata biyu ƙafar ta ƙi warkewa, babu takardar da za a nuna, kuma kamfanin inshora ba ya ɗaukar nauyin sulhun da aka yi ba da saninsa ba.

Rahoton jandarma da takardar likita mai bayyana raunin su ne ginshiƙin neman diyya, tare da rasit na magani da na jigila, waɗanda ya kamata dangi su adana. Shi kuma direba ko mai motar ya sanar da kamfanin inshorarsa a rubuce cikin kwanaki 5 na aiki, ya karɓi shaidar cewa sanarwar ta isa hannunsu.