Sayen Dalmar Gyaran Rediyo da Fitila: Arha Ba Ta Ado

Samarinmu da suka koyi gyaran rediyo, waya da fitilar sola a Gagarawa Tasha suna yawan kuka cewa aikinsu yana dawowa bayan sati biyu. Sau da yawa laifin dalmar liƙi ne.

Dalmar da aka saba da ita kashi 60 kuza ce, kashi 40 darma zalla, tana narkewa a zafi wajen digiri 190. Kuza ta fi tsada nesa ba kusa ba, saboda haka ake rage ta a cikin mai arha. Irin wannan tana jinkirin narkewa, ta bushe ba ƙyalli, ƙullin ya tsage.

Kafin mu biya, ko a Gumel, ko kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko Sabon Gari a Kano, mu tambayi nauyi, mu raba kuɗin da yawan giram. Mu kuma tabbatar ba a haɗa nauyin kwarkwaron roba a ciki ba. Mai sayarwa da awon kamu yakan fi tsada. Kano ta fi sauƙi, amma kuɗin mota fa? Gara mutum huɗu su haɗa kuɗi su aiki ɗaya ya sayo babban naɗi. A gwada guntu a gaban mai shago.

Kada a riƙe ta da haƙora, a wanke hannu kafin cin abinci, a kuma ɓoye ta daga yara. Gubar dalma ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010.