Yadda Za Mu Shirya Bikin Cikar Shekarun Ikilisiya a Ƙasar Noman Rani

'Yan'uwa cikin Kristi, ikilisiyoyinmu da dama a ƙasar Kano sun kai shekarun da ake yi wa biki: wasu 25, wasu 40, wasu ma 50. Da zarar an kawo zancen a taron dattawa, abin da yakan fara fitowa daga bakinmu shi ne launin anko, da sa nawa za a yanka, da wanda za a gayyato ya zama babban baƙo. Waɗannan duka suna da wurinsu, amma akwai tambayar da ta kamata ta riga su: me za mu tuna, kuma wa za mu faɗa wa? Wannan koyarwa domin dukanmu ce, amma za mu ɗauki misalanmu daga yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aikin gona ba ya tsayawa rani da damina.

Dalilin yin bikin

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun, Ubangiji ya umarci Joshuwa a ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar kogin, aka kafa su a Gilgal domin wata rana yara su tambayi ma'anarsu, iyaye kuma su ba da labari (Joshuwa 4). Bayan haka Littafin Mahukunta 2:10 ya nuna mana abin da ya faru da labarin ya yanke: aka sami tsarar da ba ta san Ubangiji ba, ba ta kuma san aikin da ya yi wa kakanninta ba. Wannan haɗari yana ƙofarmu. Yaranmu sun tashi sun tarar da ginin siminti da rufin kwano, ba su san an taɓa yin sujada a gindin bishiya ba, ba su san wanda ya ba da filin ba, balle abin da masu bi na fari suka jure. In aka watse daga biki yaranmu ba su ƙaru da komai ba sai ƙoshi, mun ci shinkafa ne kawai.

Daga wace rana za mu ƙirga?

Kafin a buga lamba a jikin anko, sai mu daidaita a kan ranar da muke ƙirgawa. Manyan ɗarikoki ma suna da rana fiye da ɗaya. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a watan Disamba na 1893, daga nan tarihin mishan na SIM yake farawa. Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, dukansu a 1894, ba a sami tashar farko mai ɗorewa ba sai a Pategi a 1902. Ikilisiyar ECWA kuwa a 1954 ta tsaya da sunanta. Haka nan a wajen Angilikan: Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller sun iso Kano a 1900 amma ba a bar su sun zauna ba, sai a 1905 Miller ya zauna a Zariya.

Ikilisiyar ƙauye ma haka take. Akwai ranar da aka fara taruwa yin addu'a, da ranar baftisma ta farko, da ranar da aka keɓe ginin, da ranar da gunduma ta amince da ita ta zama ikilisiya mai cin gashin kanta. Dattawa su zaɓi ɗaya, su rubuta dalili a littafin taro, a karanta wa jama'a ranar Lahadi. Sauran ranakun kuma a ambace su cikin tarihi, domin kada iyalin da aka fara taruwa a zaurensu su ga kamar an share mahaifinsu. In ranar ta ɓace, sai mu tsaya ga shekarar. Kada mu ƙago rana, gama ba a gode wa Allah da ƙarya.

Mu tattara tarihi tun tsofaffi suna raye

Wannan shi ne aikin da ya fi kowane gaggawa, shi ne kuma muka fi bari sai ƙarshe. Rumfa da kujeru ana samunsu ko ana gobe biki, amma tsohon da ya tafi ya tafi da abin da ke cikin kansa. A naɗa mutum uku ko huɗu tun da saura shekara guda, a ciki har da mace da matashi mai wayar da ke ɗaukar murya. Su bi tsofaffi gida gida, su gaishe su yadda ya dace, su zauna ba gaggawa. Kada a manta da iyayenmu mata: su ne sukan riƙe sunayen matan masu bishara da na yaran da aka fara yi wa suna a majami'a.

Tsofaffinmu ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma suna riƙe abin da ya faru. A nan tarihin yankin zai taimake mu. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kuɗin naira ya fito a 1973. Saboda haka sai a tambayi Baba: lokacin da mai bishara ya zo, ruwan kanal ya iso gonakinku? Da fam ake ba da baiko ko da naira? Amsoshin nan za su kai mu kusa da shekarar.

A nemo kuma littafin baftisma, da na aure, da katin zama memba, da tsofaffin hotuna. In wani gida yana da Littafi Mai Tsarki na fassarar 1932, wadda ita ce cikakkiyar fassara ta farko da Hausa, a roƙa a nuna shi ranar biki. Duk abin da aka aro a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi da hannu biyu.

Tarihin ya haɗa kowa. A yawancin ikilisiyoyinmu akwai Hausawa Masihiyawa 'yan ƙasa, waɗanda iyayensu suka karɓi bishara a nan, akwai kuma waɗanda aikin ruwa, ko koyarwa, ko kasuwanci, ko ƙwadagon gona ya kawo daga wasu jihohi. In aka ba da labarin ɓangare ɗaya kawai, bikin zai bar tabo maimakon zumunci.

Zaɓen lokaci

A wuraren da damina kaɗai ake noma, rani lokacin hutu ne, shi ya sa tarurrukan ikilisiya da yawa suke faɗawa cikinsa. A yankin da ruwan Tiga yake bi ba haka abin yake ba. Ana yankan shinkafar damina wajen Oktoba da Nuwamba. Ana gamawa sai shukar alkama, wadda take son sanyin hunturu, ba ta kuwa yafe wa wanda ya makara. Daga Janairu zuwa wajen Afrilu tumatir yana nuna, motoci suna lodi a Kwanar Gafan, tumatir kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa. Girbin alkama yana zuwa wajen Maris da Afrilu, ga kuma masu shinkafar rani. Banda wannan, ban ruwa bi da bi ne: wanda ranarsa ta zo ya bari ta wuce, shukarsa ce za ta sha wuya.

Don haka kada kwamiti ya sa rana daga kalanda kawai. A zauna da manoman ikilisiya, maza da mata, har da masu turara shinkafa da masu aikin injin casa, a tambaye su makon da aiki ya fi sauƙi kuma hannu yake da ɗan abu. A tambayi shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa yadda rabon ruwa zai kasance. A kauce wa ranar kasuwa, da lokacin biyan kuɗin makaranta, da ranakun da gunduma ta riga ta sa nata taro. Ubangiji kansa ya ɗaura Idin Makonni da Idin Bukkoki a kan lokutan girbi (Maimaitawar Shari'a 16). Ba laifi ba ne ranar kafuwa ta faɗo a wani wata, a yi bikin a wani. Kwana biyu da kowa ya halarta sun fi mako guda da rabin jama'a suke gona.

Kuɗi: biki ba da bashi ba

Yesu ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). Mu fara da abin da za mu iya tarawa, sa'an nan mu yanka bikin daidai da shi. Manomin rani kuɗinsa a cikin ƙasa yake: iri, taki, magani, kuɗin ruwa, ladan ma'aikata. Amfanin kuma ba shi da tabbas. Ba mu manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a wannan yanki. Wata shekara kuma tumatir ya yi yawa har kuɗin kwando ya kasa biyan ɗiba da mota.

Saboda haka kada a yanka wa kowane gida kuɗi iri ɗaya. Kowa ya kawo gwargwadon albarkar da ya samu. A buɗe ƙofar ba da amfanin gona tun lokacin girbi: kwanon shinkafa, buhun shanshera, albasa, busasshen tumatir, itacen girki, akuya. Wanda ba shi da ko ɗaya ya ba da ƙarfinsa wajen shara da ɗiban ruwa. Anko ya zama na ganin dama, kada mace ta ƙi zuwa sujada domin ba ta da zanen. Mutum biyu ko uku su riƙa ƙirga kuɗi tare, a rubuta kowane abu, a karanta rahoto a gaban jama'a bayan biki. Manzo Bulus ma bai yarda ya riƙe gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, domin kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21).

Masu cika shekara 50 sukan kira bikinsu jubili. Mu tuna abin da kalmar take nufi a Littafin Firistoci 25: shekara ce da gonar da talauci ya raba ta da mai ita take komawa hannunsa. Abin kunya ne ɗan'uwa ya jinginar da gonarsa domin ya biya kuɗin jubili. Abin da ya dace da sunan shi ne ikilisiya ta ware wani kaso ta fanso gonar gwauruwa da ke jingine, ko ta biya wa marayu kuɗin makaranta.

Maƙwabta da baƙi

Muna zaune ne tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi. Kanal ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Tun da wuri fasto da dattawa su je da kansu su gaida mai unguwa da dagaci, su sanar da hakimi da ofishin 'yan sanda, su kuma shaida wa shugabannin CAN na ƙaramar hukuma. A duba kada ranar ta ci karo da Sallah, a rage ƙarar lasifika lokacin salla da kuma cikin dare. A ba Musulmi mahauci ya yanka dabbar, domin a iya aika wa maƙwabta abinci su ci da kwanciyar rai. In akwai dagaci ko maƙwabcin da ya taɓa ba da fili ko ya tsaya wa masu bi a lokacin tsanani, a gode wa iyalinsa a bainar jama'a.

Game da wurin zama, Yakubu 2:1-4 ya gargaɗe mu kada mu fifita mai kyakkyawar riga a kan matalauci. Mu girmama shugabanni da manyan baƙi, amma kujerun gaba su haɗa da tsofaffin da suka ɗauki ƙasar ginin farko a kansu, da matan fastocin da suka riga mu gidan gaskiya. A aika musu mota, a fara ba su abinci.

Ranar bikin da bayanta

Sujada ce zuciyar ranar. A karanta tarihin a taƙaice da Hausa mai sauƙi. A ba tsofaffi biyu ko uku dama su ba da shaida, 'yan Makarantar Lahadi su yi musu tambayoyi. Zumuntar Mata da mawaƙa su rera waƙoƙin da aka fara sujada da su. A kira sunayen waɗanda suka yi barci cikin Ubangiji. In akwai tsohuwar rigima da ta raba gidaje, a sulhunta ta kafin ranar, domin a ci Jibin Ubangiji da zuciya ɗaya. Neman gudummawa kada ya cinye lokacin wa'azi, a kuma sallami jama'a da sauran rana saboda masu tafiya nesa.

Bayan an kwashe rumfa, wani abu ya rage. A buga tarihin ko da shafi kaɗan ne, a ajiye ɗaya a ikilisiya, ɗaya a ofishin gunduma, a kuma adana muryoyin tsofaffi a wuri fiye da ɗaya. A zaɓi aiki guda da za a iya gamawa: gyaran gidan fasto, ko rijiya da maƙwabta ma za su sha, ko tallafa wa mai bishara a wani ƙauye kamar yadda wasu suka tallafa wa wanda ya zo mana.

Sama'ila ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer domin shaida taimakon Ubangiji (1 Sama'ila 7:12). Bari kwamitinmu ya fara zamansa na farko da addu'a, sa'an nan ya rubuta sunayen tsofaffin da za a ziyarta a wannan mako. Ubangiji ya ba mu hikima, ya sa albarka a gonakinmu da ikilisiyoyinmu. Amin.