Mene ne rilen waifar gilashin baya?

Da damina ta kankama, masu motoci irin su Golf da Sienna sukan ji mai gyaran wayar mota yana cewa rile ne ya mutu idan waifar baya ta daina aiki. To, mene ne shi?

Rile makunni ne da wutar lantarki ke sarrafawa, girmansa bai wuce akwatin ashana ba. Injin da ke juya waifa yana jan wuta mai yawa, fiye da abin da ɗan makunnin jikin sitiyari ke iya ɗauka. Direba na murɗa makunnin, sai wuta kaɗan ta shiga wata siririyar waya da aka nannaɗe a cikin rilen, ta zama maganaɗisu, ta jawo ɗan ƙarfe ya haɗe hanya. Nan take wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ta bi ta fiyus zuwa injin. Wannan haɗuwar ce ke yin ƙarar "ƙas" da ake ji. Ƙafafun rile na yau da kullum suna da lamba: 85 da 86 na maganaɗisun, 30 ta shigar wuta, 87 ta fitarta.

A wasu motocin rilen ne ke ƙirga lokaci, waifar ta share sau ɗaya, ta dakata, ta sake. A sababbi da yawa kuwa kwamfutar mota ce ke wannan aiki.

Sau da yawa rilen ba shi da laifi. Wayoyin da suka ratsa mahaɗin ƙofar but sukan karye saboda yawan buɗewa da rufewa. Kafin ka sayi sabo, sa a duba fiyus da waɗannan wayoyi.